Hajara Mai Bandar Takalmi

A Gaya in ka ce Hajara mai banda, sai an tambaye ka, "Ta kifi ko ta takalmi?" Mutum ɗaya ce. Ta yi shekaru tana bandar kifi a bayan gidanta kusa da kogi, har daga Malanville, tsallaken iyaka, ake zuwa saye, amma abin da gari ya riƙe mata shi ne ranar da ta banda takalman mijinta.

A shekarar korona aka yi abin. Hajara ta raka mijin nata Alhaji Baƙo, tsohon direban babbar mota, karɓar magani a asibiti. Majo, babban malamin jinya, ya ce cutar ta fi kwashe tsofaffi, da masu ciwon suga, da masu hawan jini, da masu ƙiba. Yana faɗa Hajara tana duban Alhaji. Duk huɗun babu wanda Alhaji ya rasa.

Shi kuwa Alhaji ba a suna ko ɗaurin aure ko zaman makoki babu shi, kuma sai ya gaisa da kowa hannu da hannu, ya riƙe ya ƙi saki.

"Alhaji, ka ji dai abin da majo ya ce."

"Na ji. Gobe akwai suna a Tanda."

Ta yi lallashi, ta yi fushi, ta saya masa takunkumi ya rataya a haɓa. Sai ta tuna dattijo kamarsa ba ya shiga taro ƙafa a ƙasa. Ta tattara takalmansa kaf, har silifas ɗin alwala, ta cusa a ƙarƙashin ragar murhun banda. An rufe iyaka, ciniki ya tsaya, murhun a sanyaye yake.

Alhaji ya yi cigiya, ya zargi awaki, ya aika aro maƙwabta. Hajara ta riga shi zagayawa. Duk unguwar babu mai takalmi daidai ƙafarsa. Haka ya zauna a gindin mangwaro yana gaisuwa ta waya, yana mita. A kwanakin ne abokinsa Alassan, mai suga irin nasa, ya kwanta bai tashi ba. Mitar ta ragu.

Rannan masunta suka kawo mata kifi daga Tounouga. Don murna ta jera, ta hura wuta, ta manta da takalman. Warin roba ne ya fito da unguwa waje. Kifin ya tafi, takalmin Alhaji na zuwa Idi ya naɗe kamar busasshiyar tarwaɗa.

Har yau in ta shiga kasuwa sai wata ta ce, "Inna Hajara, yau na fata ne ko na roba?"

Takan gyara zama ta ce, "Ku yi dariyarku. Takalmin ya ƙone, mai takalmin yana gida yana jiran tuwo."