Yatsa Biyu na Tiyo a Bangon Zinatu

In kana zaune a garin Akokan, kuma ruwa bai taɓa zubo maka a ƙarƙashin lababo ba, wato kwamin wanke-wanke mai famfo, to ba ka san Malam Zayyadu ba, kuma ka huta da faɗa.

Mutumin garin Tawa ne. Ya zo yana saurayi, ya yi shekara talatin da wani abu yana gyaran famfo a gidajen kamfani. Da aka rufe ramin ma'adinai a 2021 abokan aikinsa suka kwashe kaya suka koma gida. Shi ya ce ba inda za shi, wai in ya tafi mutanen garin nan za su kashe tiyo ɗin da ya shimfiɗa da hannunsa. Bai yi ƙarya ba kuwa.

Ga misali, gidan Amastan direba. Magudanar lababon kicin ta ci tsatsa ta huje, sai ya sayo sabuwa wurin wani Bakano a kasuwa. Wutsiyarta siririya, tsohon tiyon da ya fito daga bango kuma mai kauri. Maimakon ya kira mai aiki, sai ya naɗa robar tayar keke. Ruwa ya zuba. Ya tura da ƙarfi, bakin tiyon ya tsage, ya sa zarto ya yanke wurin. Ya sake, ya sake yankewa. Sai da matarsa Zinatu ta tsaya a ƙofa ta rantse sannan ya aika a kira Zayyadu.

Tsohon ya durƙusa ya leƙa.

"Wa ya yi wanga aiki?"

"Taimaka maka na yi, Baba," in ji Amastan.

"Taimako! Tiyo mai lamba arba'in, ka kawo mini mai lamba talatin da biyu, ka bar mini yatsa biyu a bango. In wanga ya tsage, sai mu fasa bango, ka ji ko?"

Zinatu ta dafe ƙirji. Bangon nan karo ne, wato tayil, shuɗi tun na zamanin kamfani, kullum sai ta goge shi, kuma ko Agadas ka je ba ka samun irinsa.

"Baba, don Allah ban da bangona."

"Ɗiyata, ki gaya wa mijinki, ba ni ba."

Babu mahaɗin da ya dace a shagunan garin, Zayyadu ya san haka. Sai ya sauke butar Amastan daga kan murhun shayi, ya yanko guntun siririn tiyo, yana juya bakinsa a saman garwashi har ya yi laushi, don ya buɗa shi da wuyan kwalba ya cika cikin tsohon daidai. Amastan, wai shi mai kirki, ya ɗauko mafici ya kama fifita. Nan take robar ta yi baƙi ta lanƙwashe.

"Kai! Nama muke gasawa? Hita waje!"

Guntu na biyu ya buɗe da yawa. Zayyadu ya gwada shi da yatsa biyu kawai, ya ji zai matse, ya jefar. Tsohon tiyo ya fi ƙwai saurin fashewa, ba a yi masa dole. Na uku ya kankare, ya gwada, ya sake kankarewa, yana ta mita a kan direbobi da masu kasuwa da duk wanda ya taɓa riƙe zarto. Ya shafa gam, ya yi bismilla, ya tura a hankali. Ya shige.

Zinatu ta miƙa hannu za ta buɗe famfo.

"A'a! Sai la'asar, in gam ya bushe."

Bai yarda da su ba, don haka ya ja kujera ya zauna gaban lababon yana gadi, a nan aka kawo masa abincin rana. Da aka kira salla ya tuttula ruwa bokiti guda a lababon, ya shimfiɗa tafin hannu a ƙasan mahaɗin, ya jira. Ya ɗago hannun a bushe ya nuna wa Zinatu.

"Bangonki ya tsira. Amma ki ce wa mijinki in ya ƙara leƙa ƙasan nan, ko da ido ne, kada a aiko mini."