Tabon rana a farantin Inna

"Ke Hadiza, wanga shi ne wankinki?" Haka Inna, kakata, ta jefo mini a gaban mutane.

A garinmu Deule ne, shekarar da na gama firamare. Kawuna, mushen lakwal, wato malamin makaranta, a garin Buza, ya zo hutu da madubin hangen nesa. Ya hana mu kallon rana da shi, sai ya haska hotonta a kan farin farantin Inna, wanda ni na wanke. Ga wani ɗigo baƙi a tsakiyar hasken.

Kowa ya ɗauka datti ne. Inna ta goge da bakin zane, ɗigon bai gusa ba.

Kawu ya yi dariya. "Inna, bar ɗiyag ga. Tabon ga jikin rana shike. Maganaɗisu na, kuma tahiya shikai."

Ba ta yarda ba. Bayan 'yan kwanaki ta wanke farantin da kanta, aka sake haskawa. Ɗigon yana nan, amma ya matsa gefe.

Ta daɗe tana kallo, sannan ta dafa kaina. "Ashe kin wanke. Rana ta ba ta da ɗiya irinki da za ta wanke ta."

Farantin yana ɗakina har yau. Ku fa, yaya kakanninku ke ba da haƙuri?