Gidan da Hamma Sa'adu Bai Ƙarasa Zanawa Ba

Shekara goma ke nan da rasuwar yayana Sa'adu, wanda duk gidanmu a unguwar Damilu muke kira Hamma. Ba malami ba ne, ba ɗan siyasa ba ne. Yadi yake sayarwa a kasuwar Jimeta, a can kuma ajali ya same shi ranar da bam ya tashi, shi da bayin Allah da har yau ban san sunayen wasunsu ba. Allah Ya ji ƙansu baki ɗaya. Labarin ranar ba zan ba da shi ba, ba na iyawa kuma ba na so. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani aiki da ya bari a hannu, wanda sai bana ya faɗo kaina, ni Jamila tela, da ban taɓa ɗaukar kaina mai zane ba. Aikin shi ne a zana wa wata tsohuwa gidanta tun idonta bai ƙarasa rufewa ba.

Hamma bai je makarantar zane ba. Da biro yake yi, a bayan kwalin da ake naɗe yadi a kai, idan kasuwa ta yi sanyi. Dada, mahaifiyarmu, ta sha yi masa faɗa, wai ƙato da shi har da gemu yana wasan yara, shi kuwa sai ya yi dariya ya zana tulunta ya miƙa mata. Da ya samu babbar waya sai ya buɗe wani zaure a yanar gizo, ya sa masa suna Zauren Biro, ya tara irinsa: ɗalibai, wata nas, wani direban keke Napep, wata malamar firamare daga Numan. Yawancinsu ba su taɓa ganin juna ido da ido ba. Ni ma ya jefa ni ciki ba tare da ya tambaye ni ba, wai ai mai yanka riga ta san layi.

Dokarsa ba ta da yawa, amma ba ya ɗaga ƙafa a kanta. Ka zana wani abu kullum ka turo, ko da ya yi muni. Kuma an hana cewa "ya yi kyau" a yi shiru, sai ka faɗi inda ya karkace. Na taɓa turo zanen akuya, Hamma ya rubuto a gaban kowa cewa masha Allah, tebur ya samu ƙaho. Na yi fushi na daina gaishe shi, amma washegari na sake zana akuyar, don ba zan bari ya ci bulus ba.

A lokacin ne mutane suka fara kwararowa Yola daga arewacin jihar, a ƙafa, a bayan tifa, wasu ko takalmi babu. Wanda ya zauna a garin nan a shekarun ya sani, kusan kowane gida ya karɓi baƙi. Namu rabon shi ne Inna Falmata, dattijuwa daga wani ƙauye a bakin iyakar Borno, wadda Dada ta gani a zaune a tasha ta kamo hannunta. Ba ta fito da komai ba, ko hoto ɗaya. Kullum in ana tsinkar zogale a tsakar gida sai ta kama labarin gidanta, inda rumbu yake, inda tsamiya take, inda take ɗaure tumaki. Mu muna ji muna tausaya mata. Hamma kuwa ya ji ya ɗauko kwali.

Daga nan zauren ya samu aikin da ya fi ƙarfin akuya. Hamma ya tsara yadda za a yi: mutum ɗaya zai zauna da mai gida, ya naɗi muryarsa yana kwatanta gidan da ya baro, ya tura zaure, kowa ya zana yadda ya ji, sannan a kawo wa mai gida ya duba ya gyara. Ba a gama ba sai ya ce da bakinsa, haka yake. Fuska ba sa zanawa. Hamma ya ce ba ya son jayayya da malamai, kuma mutanen ba fuska suka roƙa ba, ƙofar gidansu suke son gani.

Gidan Inna Falmata aka fara da shi, kuma a kansa aka yi kuskuren da har yau nake dariya in na tuna. 'Yan zauren nan duk a bidiyo suka koyi zane, a bidiyon kuwa kullum ana cewa ka sa haske ya fito daga hagu, inuwa ta faɗi dama. Haka kowa ya yi, har Hamma. Aka jera wa Inna zanukan a waya, ta duba ɗaya bayan ɗaya, ta mayar masa.

"Ɗana, rumbu ya yi, tsamiya ya yi," in ji ta da irin Hausarta. "Amma wannan gidan wani ne. Nan da kuka sa inuwa, nan nake shanya kuɓewa. Rana ne a wurin tun safe."

Hamma bai ji haushi ba, murna ma ya yi kamar an ba shi kyauta. A ranar ya ƙara doka a zaure: kafin ka tambayi mai gida ɗaki nawa ne, tambaye shi ta ina rana take fito masa. Ya sake ɗauko sabon kwali, ya riƙa zama da ita bayan la'asar yana tambaya tana gyara masa. Kwalin yana tare da shi a rumfa ranar da abin ya faru. Ba mu same shi ba.

Bayan an share makoki Inna Falmata ta rufe bakinta a kan gidan. 'Yan zaure sun zo gaisuwa, ranar na fara ganin fuskokin wasunsu, suka ce za su ƙarasa mata. Ta ce a'a, gidan nan ya ishe ta haka. Wasu baƙin sun koma garuruwansu da ƙura ta lafa, ita ba ta da wanda za ta koma wa, ta zama tamu. Zauren ya ci gaba, an zana wa mutane da dama gidajensu, har yau akwai wanda ya manna nasa a bangon shagonsa a Jimeta. Amma a hankali aure da aiki da hidimar 'ya'ya suka janye mutane. Ni dai ban fita ba, ina turo abin da ya samu, don fita daga zauren a wurina kamar sake binne shi ne.

Bana da azumi idon Inna ya soma hazo. An kai ta asibiti, likita ya ce abin ya yi nisa, sai dai a lallaɓa. Wata safiya ina kan keken ɗinki ta lalubo ta zauna kusa da ni, ta ce, "Jamila, yaran Hamma suna nan? Ina so in ga gidan kafin duhu ya gama." Na ce suna nan, Inna. Na faɗa da ƙarfin gwiwa, alhali ban tabbata ba.

Na kai maganar zaure. Usman, wanda yanzu yake da shagon buga fosta a unguwar Ajiya kuma ya fi mu duka gwaninta, ya ce in kwantar da hankalina, zamani ya wuce biro. Ya ɗauki bayanin da na rubuta ya ba manhajar nan mai ƙirƙiro hoto, kafin in sauke tukunya ya turo gida. Gaskiya hoton ya tsaru, har da hayaƙi yana tashi daga madafa. Na kai wa Inna, ta kara wayar a hancinta, ta daɗe tana kallo, ta ce Allah Ya sanya wa masu gidan albarka, da gani masu hali ne. Usman mutumin kirki ne, ya sake gwadawa ya sake, kowane hoto ya fi na baya kyau, babu kuma wanda yake nata.

Na sha tambayar kaina me Hamma zai ce da ya ga wannan zamani. Na san halinsa, ba zai zagi manhajar ba. Shi da son sabon abu, da ya hana mu sakat da ita, da ya sa ta zana ni a kan jaki ya tura zaure. Amma na rantse bayan la'asar da ya ajiye wayar ya jawo tabarma kusa da Inna. Domin abin da ya gane tun wancan lokaci shi ne, mutum ba ya tuna gidansa a zama ɗaya. Sai ka zana ba daidai ba, ransa ya sosu, sannan abin da ya manta ya taso masa. Kuskuren ma aiki yake yi.

Saboda haka na ajiye ɗinkin sallah na mutane, wasu har yau suna fushi da ni, su yi ta yi. Na samo kwali a wurin wanda ya gaji rumfar Hamma, na sayi alƙalamin maka mai kaurin baki don biro ya yi wa idonta siriri. Na riƙa zama da ita da hantsi a bakin ƙofa inda haske ya fi yawa. Kullum in turo abin da na yi, tsofaffin 'yan zaure kuwa sai ga su suna fitowa ɗaya bayan ɗaya kamar an yi kira. Malamar Numan ta ce katangata tana shirin faɗuwa. Usman ya koya mini yadda ake zana jinka ba tare da ta zama hular malafa ba. Na ɓata kwali ba adadi, na yi kuka a kan wasu, ban fasa ba.

In an tambaye ni abin da ya rage na Hamma, ba zanukansa zan nuna ba, yawancinsu gara ta cinye, kuma tsakani da Allah ba duka ne suka yi kyau ba. Abin da ya bari shi ne mutanen da suka koyi zama su saurari wani har ya ce haka yake, suka kuma koyi jin gyara ba tare da sun ajiye biro ba. Wannan kam, bam bai taɓa shi ba.

Makon jiya na kai mata na ƙarshe. Ta riƙe shi da hannu biyu, ta kai shi dab da fuskarta, tana bin sa daga rumbu zuwa turken tumaki. Ba ta gyara komai ba har ta iso ƙofar gida, wadda na zana a buɗe don a ga ciki. Nan ta tsaya.

"Haka yake," in ji ta. "Haka na bar shi. Da gudu na fita, ban rufe ba. Kullum sai na tuna." Ta miƙo mini kwalin. "Jamila, rufe mini."

Na cire murfin maka na rufe mata ƙofar, na sa sakata. Ta karɓa ta duba, ta ce to, yanzu ya yi, ta tashi ta shiga ɗaki da shi.