Lambar Baba a Hannun Manomin Gbalahi

Ni malamin kwamfuta ne a wata ƙaramar sakandare da ke Kasalgu, kuma a gidanmu na Moshi Zongo, a birnin Tamale, wannan aikin ya zame mini hukunci. Wayar kowa ta yi tari, ni za a nemo. Sai an ce "Ticha, duba mini wannan" kafin a tuna a tambaye ni yadda na kwana. Ni kuma na samo hanyar ramawa, wato wa'azi. Ina bin labaran fasaha yadda wasu ke bin ƙwallo, kuma duk abin da na karanto sai na juye shi a guruf ɗin hirar danginmu na waya: an yi kutse a wani banki a ƙasar da babu wanda ya taɓa zuwa cikinmu, kada ku danna abin da ba ku san wanda ya turo ba, ku daina sa shekarar haihuwarku a kalmar sirri. Wannan na ƙarshen bai taɓa Gwaggo ba, yayar mahaifinmu, don ita ba ta san shekarar haihuwarta ba. Ta ce idan ɓarawo ya gano ta, don Allah ya taimaka ya gaya mata.

Baba ne ya buɗe guruf ɗin. Kayan gyaran babur yake sayarwa, kuma yadda yake riƙe makullin shagonsa haka ya riƙe guruf: shi kaɗai ne admin, mai ikon sa mutum da cire shi. Na sha ba shi shawara ya ƙara mutum ɗaya, ya ce shi ya buɗe abinsa, wanda ke son sarauta ya je ya buɗe nasa. Kullum bayan sallar asuba sai ya turo hoton fure da addu'a, ya biyo da saƙon murya yana yi wa wani faɗa. Wanda ya kawo gardamar siyasa sai ya kore shi, ranar Juma'a ya maido shi albarkacin ranar.

Da Allah ya karɓi abinsa, wayar ta koma hannun Mma, mahaifiyarmu. Ta sa ta cikin kwanon da take ajiye 'yan kunnenta. Takan sa mata caji, takan ce in jona mata data daga tawa, ta zauna bakin gado tana sauraren tsofaffin saƙonninsa, har waɗanda ita yake yi wa faɗa a ciki. Kira kuwa ba a yi da layin, ba a sa masa kati. Haka watanni suka shige.

Wata safiya ina shan koko kafin in tafi makaranta, wayata ta yi ƙara. Na duba, sai ga saƙon murya a guruf, a samansa an rubuta Baba. Na ajiye cokalin. Da na danna, muryar wani dattijo ce, bayansa zakara na cara, ya ce "Dasiba", wato ina kwana da Dagbanci, yaren Dagomba, ya yi shiru kamar mai jiran amsa, sannan ya yanke.

Kafin in gama ƙosaina guruf ya kama da wuta. Wata 'yar kawunmu da ke aure a Kumasi ta fice ba sallama. Gwaggo ta turo saƙo mai tsawo, rabi Ƙulhuwallahu, rabi tambayar me ya sa ƙaninta ya koma yin Dagbanci a can, shi da ko a kasuwa da ƙyar yake haɗa kalma uku. Yayana ya ce 'yan sakawa ne, masu damfarar intanet, kowa ya ɓoye kuɗinsa. Mma kuwa ta tashi ta shige ciki. Ta fito daga ɗaki da wayar Baba a hannu ta miƙo mini. Manhajar hirar ta fita da kanta, tana neman a sa lamba kamar ba ta taɓa sanin kowa a gidan ba.

Na fahimci abin da ya faru, kuma a ranar ce kaɗai aka saurare ni har ƙarshe. Layin da aka daɗe ba a amfani da shi, kamfani yana karɓe abinsa ya sayar wa wani. Ita kuma manhajar ba ta san mutum ba, lamba ta sani. Wanda lambar ke hannunsa shi ne Baba a wurinta, ko da jiya ya sayi sim ɗin a ƙarƙashin lema a bakin titi.

Har yau abin yana ba ni haushi da dariya tare. Masu wannan manhajar kullum cikin kirari suke, wai sun ɗaure saƙonmu tamau, ko su kansu ba sa iya karantawa. To madalla. Sun ɗaure saƙon a hanya, sannan suka ɗauki baƙo suka zaunar da shi a tsakar gidanmu kan kujerar mai gida. Masu rubuta labaran tsaro kuwa ba su da magana sai ta wasu ƙwararrun masu kutse da ke zaune a ɗaki mai sanyi a wata nahiya. Ban taɓa karanta inda suka gargaɗe ni game da mai zakara ba.

Na ce wa dangi abu ne mai sauƙi, a cire shi kawai. Sai da na shiga zan cire shi na tuna. Gefen lambar an rubuta admin. Mutumin nan ba wanda ke iya korarsa, shi ne ke iya korar mu duka, har da Gwaggo.

Na buɗe sabon guruf, na ba shi suna mai kyau, na gayyaci kowa. Yayana ne kaɗai ya zauna, shi ma bai taɓa cewa uffan ba. Gwaggo ta ce ba za ta bar gidan da ƙaninta ya gina da hannunsa ba don wani ya shigo ta taga. Sauran suka bi bayanta. Aka ci gaba da hira a tsohon guruf kamar ba abin da ya faru, ana maganar wadda ta samu ciki da wanda ya ƙi zuwa biki, baƙon yana ji. Ni kuma na ƙara ƙaimi. Kusan kullum sai na tura gargaɗi da murya: kada ku faɗa wa kowa lambar da aka turo muku, kada ku miƙa wayarku ga wanda ya zo ya ce zai gyara muku wani abu, ko da ya ce shi ɗan gida ne.

Daga baya na daure na kira lambar. Ban so yadda sunan Baba ya fito a fuskar wayar yana ringin ba. Dattijon ya ɗauka. Manomi ne a Gbalahi, can bayan gari, yana noma masara da doya, yana kiwon zabi. Tsohuwar wayarsa ta faɗa ruwa, ya sayi wata da sabon layi, 'yarsa ta sa masa manhajar, sai ya tsinci kansa cikinmu. Da farko ya ɗauka ƙungiyar rabon taki ce, yana ta jiran a zo kan maganar taki. Hausarsa ta kasuwa ce, kowa "shi" ne a bakinsa, mace da namiji. Mu ma a zango ba mu cika damuwa da wannan ba, Gwaggo ce kaɗai ke riƙe da "ta" da "ya" yadda kakanninmu suka zo da su daga Kano. Na ce zan zo in same shi, ya ce bismilla.

Ranar Asabar na hau babur na tafi. Na same shi ƙarƙashin bishiyar kaɗanya yana gyaran ƙotar fartanya, siriri, da farin gemu kaɗan. Muka yi gaisuwar Dagomba mai tsawo, yana tambaya ina cewa "naa", har gwiwata ta gaji da tsugunno. Aka kawo ruwa na sha. Sannan na ce ya ba ni wayar minti kaɗan in gyara wani abu.

Ya dube ni, ya dafa aljihunsa.

"Ticha ya ce kar a ba kowa waya," in ji shi. "Ko ya ce shi ɗan gida ne."

Na ce ai ni ne tichan. Ya ce haka ɗin ma ticha ya ce za su faɗa.

Shekara da shekaru ina wa'azi a guruf ɗin nan, 'yan uwana na jini ba wanda ya taɓa sauya ko kalmar sirri ɗaya saboda ni. Ashe ɗalibina na gaskiya yana Gbalahi, kuma a kaina ya fara gwada karatun. Ban san ko in yi fushi ko in ba shi kyauta ba.

Shi ya kawo mafita. Ya ce in yi magana a guruf ɗin yanzu, ya ji ko muryar ɗaya ce. Na matsa gefe na yi sallama cikin wayata, tasa ta yi ƙara, ya kara a kunne, ya saurara, ya dube ni, ya sake saurara. Ya gyaɗa kai ya fara miƙo wayar. A nan ne bakina ya ci amanata. Na ce masa, don ƙarin ilimi kawai, yanzu akwai manhajar da ke kwaikwayon muryar mutum sak, ko uwarsa ba za ta bambance ba. Ya tsaya da hannu a miƙe, ya yi tunani, ya mayar da wayar aljihu ya ja zif.

Na koma na zauna, zabi suna ta kai da komo. Can ya tambaye ni wane ne mai lambar a da. Na gaya masa, har da yadda sarautar guruf ɗin ta faɗo hannunsa. Ya cire hularsa ya yi addu'a, ya ce shi ya ji a jikinsa, don akwai wani tsoho a guruf ɗin da kullum yake kiransa da wani suna yana kuka. Gwaggo yake nufi. Ya ce abin da ke hannunsa na gidan mamaci ne, ba a miƙa irinsa a gindin bishiya, zai kawo da kansa ya ba babban gidan a gaban mutane.

Ranar Juma'a bayan masallaci sai ga shi a kan keke, da zabuwa ɗaure a baya da doya uku. Ya yi wa Mma ta'aziyya kamar jiya aka yi rasuwar. Gwaggo ta zo da shirin faɗa, ta ɗaura ɗankwalinta na zuwa kotu, amma da ta ga ya tsuguna yana kiranta "babban gida" sai ta sauko, ko da yake sau biyu tana gyara masa cewa ita mace ce. Aka kawo tuwo da miyar ayoyo, ya ci sosai.

Da aka gama ci, sai Mma ta yi magana. Ta ce ba ta da matsala da zamansa, lambar ai ta zama tasa, da kuɗinsa ya saya.

"Abu ɗaya nake roƙo," ta ce. "Idan za ka gaishe mu, ka bari rana ta fito. Kada ka turo da asuba."

Ya ce ya ji, kuma bai taɓa saɓawa ba. Da yamma ta kira ni ɗaki. Na nuna mata cewa tsofaffin saƙonnin Baba na guruf suna nan a wayarta ita ma, ba su tafi ba. Ta saurari ɗaya, wanda yake faɗa a kan an bar masa buta ba ruwa, ta yi murmushi. Sannan ta ce in sauya sunan da ke kan lambar. Na tambaye ta me zan rubuta, ta ce in sa Mai Zabi. Gwaggo kam ta ƙi a taɓa nata, har yau sunan ƙaninta ne ke fitowa idan manomin ya turo hoton gonarsa.

Maganar sarauta kuwa, a gaban kowa ya riƙe wayarsa da hannunsa, ni ina nuna masa inda zai danna daga nesa, ya naɗa Gwaggo admin. Na yi tsammanin za ta ce a ƙara ni, tunda ni ne na san kan abin. Sai ta ce in koya mata yadda ake korar mutum. Na nuna mata. Ta ce bari ta gwada ta ga ko ta iya, ta nemo sunana ta danna. Ta iya.

Na yi makonni a waje. Labarin gidanmu sai dai in ji a bakin Mai Zabi, don yakan kira ni ya tambayi ko akwai sabon gargaɗi, ya kuma gaya mini wanda ya haihu. Shi na taimaka wa ya sa wa manhajarsa lambar sirri ta biyu, ya rufe fuskar wayar da tafin hannu lokacin da yake dannawa don kada in gani. Gwaggo ba ta maido ni ba sai da wayarta ta cika ta daina karɓar hoto. Ta kafa mini sharaɗi: labarin kwamfuta sau ɗaya a mako, kuma kada ya wuce tsawon gaisuwa.

Manomin bai fita ba, ba wanda kuma ya sake cewa ya fita. Ya zo sunan ɗan yayana, mu ma mun je Gbalahi auren 'yarsa a cikin motoking, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, Gwaggo a gaba kusa da direba.

Bara da labarin ƙirƙirarriyar basira ya cika ko'ina, na yi amfani da damata ta mako na sanar da dangi cewa masana sun ce na'urar nan za ta ƙwace aikin mutane da yawa. Ni a raina ban yarda da rabin abin ba, don masu faɗin haka su ne masu sayar da ita, amma na faɗa yadda na karanta. Ba wanda ya tanka sai Mai Zabi. Ya turo murya bayan rana ta fito, ya tambaya da gaske ko har da aikin noma, kuma yaushe za ta iso Tamale. Na ce tukuna, da sauran lokaci. Ya ce to idan na ji labarin ta taso in yi mata kwatancen gonarsa, ciyawa ta fi ƙarfinsa bana, zai ba ta abinci da wurin kwana. Gwaggo ta ce a'a, babba ake fara yi wa aiki, ta fara biyowa ta Moshi Zongo akwai wanki.