Zariyar Khala Nasrin

Ranar wata Juma'a bayan Babbar Sallah muka tare a Karantina, wata unguwar baƙi a bakin teku a ƙasar Larabawa, ina 'yar shekara tara, kuma abin da idona ya fara sauka a kai shi ne wani gadon katako da aka jingine a tsaye a saman bene. An ɗaure masa zaruruwa ja da kore daga sama har ƙasa, iskar teku tana kaɗa su a hankali. Wata dattijuwa 'yar Pakistan, Khala Nasrin, tana zaune a gabansa. Zariyar wando take saƙa wa teloli, amma babu allura, babu ƙoshiya. Yatsunta kawai ke ɗaga wannan zare su murɗa shi kan wancan, sannan ta cusa siririn kara ya riƙe layin. Duk murɗin da ta yi a sama sai irinsa ya fito a ƙasa, kamar akwai wata mace da ba a gani tana taya ta.

Kullum na dawo daga makaranta nakan roƙi Umma ta bar mini shanya. Sai in tsaya bayan zannuwa ina matse rigar da ta riga ta tsane, ina leƙe, tantabaru suna zagaya tankin ruwa. Rannan ba tare da ta juyo ba ta ce, "Ta'ali, ya bint," wato zo nan, yarinya. Ba ta jin Hausa, Larabcinta kuma gutsi-gutsi ne, don haka hannuna ta kama ta koya wa. Yatsunta ƙamshin hulba suke yi.

A ɗakinmu na kife kujera na ɗaure zare a ƙafafunta. Saƙar takan taho daga sama da ƙasa har ta haɗu a tsakiya, amma da na zare karan sai komai ya warware, zaruruwan su koma miƙe kamar ban taɓa su ba. Khala da safe take kulle tsakiyar tata, lokacin ina aji. Watanni ina shirya tambayar a kan matakala, in na iso gabanta sai in fasa.

Wata rana Umma tana yanka albasa ta ce, "Iƙamar mijin Khala, takardar zamansa a ƙasar nan, ta ƙare. Shi ke nan, gobe za su tafi."

Yanzu unguwar ta zama fili, ko matakalar babu, kuma teloli roba suke zura wa wando. Amma har yau ina jin sanyin simintin a tafin ƙafata. A ranar na hau benen da kujerata a ka, na same ta tana ɗaure akwati da igiya. Na ajiye kujerar a gabanta.

"Khala, don Allah, kafin ki tafi ki nuna mini yadda ake rufe tsakiya."