Ba Ƙazanta Ce Ta Kashe Yaya Dije Ba

Da wannan damina shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Khadija, wadda kowa ya fi sani da Dije. Duk shekara nakan yi mata addu'a in ja bakina in yi shiru, don a gidanmu an koya mana cewa ba a jayayya da ƙaddara. Bana shirun ya gagare ni. A rediyo na ji ana sanarwar za a gyara gidajen da aka gina wa mutanen da ambaliya ta kora, wai za a magance danshi da fumfuna, ana ta zuba wa masu aikin kirari kamar yau aka gano matsalar. Na kashe rediyon.

Dije ce ta goye ni bayan rasuwar innarmu. Ni na yi karatu na zama malamar firamare a nan Birnin Kudu, ita kuma ta yi aure a wani ƙauye kusa da Sara, a ƙasar Gwaram. Mijinta Malam Sale manomi ne mai 'yan shanu. Ɗakinta na ƙasa ne, amma daɓensa sai ka ce an goge da mai, kwanonin jerenta kuwa kana ganin fuskarka a jikinsu. Uwar da za ta aurar da 'ya takan turo ta wurin Dije ta ga yadda ake riƙe ɗaki.

Shekarar da ruwa ya cinye unguwarsu, sun yi watanni a ajin makaranta su da yara. Daga baya hukuma ta gina gidaje na bulo da rufin kwano, aka shafe su da fenti ruwan ɗorawa, aka raba. Ina wurin ranar da aka miƙa wa Malam Sale makulli. Dije ta rangaɗa guɗa har muryarta ta dushe. Dattawa sun yi ta gunaguni a ƙasa-ƙasa cewa wurin fadama ce, sun san lokacin da ake noman shinkafa a cikinta. To, wanda ya kwana a kan bencin 'yan makaranta ina ya ga bakin ƙorafi? Aka ce da babu gara ba daɗi.

Daminar farko ta nuna musu abin da aka ba su. Rufin bai yi yoyo ba, ruwan ta ƙasa ya zo. Bango ya jiƙe tun daga tushe har daidai ƙugun mutum, fenti ya kumbura yana ɓarewa, baƙar fumfuna ta bi kusurwoyi kamar an watsa tawada. Ta ci katifa, ta ci tabarma, ta shiga akwati ta ɓata zannuwan da Dije take tara wa 'yarta Maryam. Geron da suka ajiye a ɗaki ya yi fari ya dunƙule. Taga ɗaya ce tal, ita ma bangon maƙwabta take kallo, kuma duk unguwar babu magudanar ruwa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Malam Sale ya ɗauko diga zai haƙa kwata, ya kuma ce zai fasa wata taga ya gina rumbu a waje. Mai kula da gidajen ya hana shi. Ya ce ginin hukuma ne, ba a taɓa shi, duk wanda ya canza masa kama za a karɓe makulli a ba wani. Sai Dije ta koma ga abin da ta iya. Ta wanke bango da sabulu da toka, bayan 'yan kwanaki baƙin ya dawo. Ta turara ɗakin da turaren wuta don ta kori warin da ke bin hijabinta har kasuwa, hayaƙin ya haɗu da danshi ya sauka a ƙirjinta.

Tari ya fara kamar wasa, ya zama numfashi mai fito. Na ɗauko ta na kai ta asibiti a Birnin Kudu. Likitan ya saurari ƙirjinta, ya tambayi irin ɗakin da take kwana, ya ce mana muddin za ta koma cikinsa, maganin da zai rubuta ɗan sauƙi kawai zai ba ta. Ta zauna a wurina ta murmure, har ta fara yi mini faɗa a kan yadda nake jera tukwane. Na roƙe ta ta ƙara kwanaki. Ta ce miji da yara suna can, ga kaka ta matso, wa zai yi musu?

A lokacin kowace mace a unguwar tana ɗauka ɗakinta ne kaɗai ya lalace. Baƙuwa ta zo sai a shimfiɗa mata tabarma a waje, a saki labule. Dije ce ta fasa ƙwan. Ranar wani suna ta kira matan layinsu ta buɗe musu ƙofa, ta janye gado ta nuna musu bangon. Maƙwabciyarta Inna Talatu ta fashe da kuka, ta ce ita ta zaci zunubinta ne. Ashe duk kanwar ja ce. Suka naɗe tabarmi masu fumfuna suka ɗora a ka, suka tafi ofishin da ke kula da gidajen.

Bayan an yi ta kai su ana kawowa, aka turo wani jami'i, matashi, cikin farar shadda. Ina gidan Dije ranar. Ya tsaya a bakin ƙofa ya toshe hanci da hankici, ya leƙa.

"Inna, gidan bulo ba irin ɗakin ƙasa ba ne," ya ce wa Dije. "Tsafta yake so. Ku mutanen ƙauye sai an koya muku zama a irinsa."

Dije ta dube shi, numfashinta yana sama-sama. "Ranka ya daɗe, shigo ka dafa bangon nan da hannunka. In tsintsiya ce maganinsa, sai ka faɗa mini."

Bai shiga ba. Ya ce zai kai rahoto, ya hau mota.

Na san yayata. Ciwon bai karya ta kamar yadda wannan magana ta karya ta ba. Matar da aka yi shekaru ana misali da ita, ita aka kira ƙazama a gaban 'yarta. Bayan nan an zo an sake fenti, ta waje kawai, saboda wasu manya za su wuce. Damina ta zagayo, muka sake kwasar ta zuwa asibiti, ba ta dawo ba.

Na yarda ajali na Allah ne, kuma ban fi ƙarfinsa ba. Amma wanda ya zaɓi fadama mutum ne. Wanda ya hana a haƙa kwata mutum ne. Wanda aka kai wa kuka ya mayar da laifin kan mai kukan, shi ma mutum ne, kuma na ji yana nan ya ƙara girma. Laifi tudu ne, sun taka nasu suna hango na matan ƙauye.

Makon jiya na je unguwar. Malam Sale ya daɗe da barin ta, ya gina ɗakin ƙasa a kan wani tudu kusa da gonarsa, Maryam kuma ta yi aure a Sundimina. Layin da ke fuskantar titi an yi masa magudana, an jera duwatsu. Na baya, inda Dije ta zauna, ruwa yana nan kwance kore shar. A ɗakinta wata amarya ce yanzu da jaririnta, kuma tun daga zaure na ji irin fiton da na sani yana fita daga ƙirjin yaron.

Nakan tambayi kaina me Dije za ta ce da ta ga wannan gyara. Ba mai zafin rai ba ce irina. Na tabbata ruwan sha za ta fara kai wa leburorin. Sannan ta tambaye su ina za a kai ruwan da ke ƙasa, ko za a ɗaga daɓe, ko za a fasa tagogi iska ta ratsa, kuma me ya sa aka fara da inda ido ke gani. Ba injiniya ba ce, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ranar bikin fara aikin an gayyaci Malam Sale ya yi addu'ar buɗe taro, a matsayinsa na dattijo. Ya je. Ya ɗaga hannu ya ambaci matarsa da sauran waɗanda suka rasu a unguwar da ciwon ƙirji, manya da yara, ya nema musu gafara, ya shafa. Ana jiran ya sa wa manyan baƙi albarka, ya ɗauki sandarsa ya fice.

Dije ba ta bar dukiya ba, zannuwan ma fumfuna ta riga magada. Abin da ta bari yana jikin matan layin nan, waɗanda suka daina jin kunyar laifin da ba nasu ba. Inna Talatu ta ba ni labarin cewa da motar fenti ta iso layinsu kwanan baya, fitowa suka yi suka zauna a ƙofofinsu, suka ce a fara ba ruwa hanya. Aka yi lallashi, aka yi barazana, a ƙarshe aka mayar da bokitan cikin mota. Har yanzu ba a haƙa musu magudanar ba, kuma sama tana ta haɗa hadari.

Allah ya jiƙan Yaya, ya sa Aljanna ce makomarta. 'Yan'uwa suna ta ce mini in yafe, shekaru sun ja. Ranar da ruwa ya bar ƙarƙashin ɗakunan nan, a zo a sake tambaya ta.