Laima a Gindin Bango

Shekarar da na bar koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, na kwashe kayana na koma gidan mahaifinmu a Dogon Dutsi. Gidan ƙasa ne, kuma tun rasuwar innarmu babu mai kwana a ciki. Da na buɗe ɗakinta, warin laima ne ya tarbe ni. Bango ya yi duhu daga ƙasa har gwiwata, wani farin abu kamar kanwa ya feso masa, in ka shafa sai ya marmashe a hannunka.

Yayana, mai shago a bakin babban titi, ya zo ya tsaya a ƙofa bai shigo ba.

"Gidan nan ya gama aiki," in ji shi. "Bara waccan na sa aka yaɓe gindinsa da siminti, ga shi kin gani. A rushe shi, in zuba shaguna, in ware miki ɗaki biyu a baya."

"Yaya, ba za a rushe ba."

"Sai ya faɗo miki a ka?"

"In ya faɗo, ai kaina ne."

Gaskiya ban san abin da zan yi ba. Na dai san ban koma gida don in zauna a bayan shagon kowa ba.

Wata tsohuwar abokiyar aikina ta kwatanta mini wani magini a Gecheme, dattijo, wanda bai taɓa aiki da komai ba sai ƙasa. Na aika masa, ya zo. Ya zagaya gidan a hankali yana ƙwanƙwasa simintin da sandarsa, ko'ina sai ya amsa kamar ganga.

"Ɗiyata, wannan ne ya ƙara cutar," ya ce. "Ruwa daga ƙasa yake hawa. Da can yana fita, iska ta shanye shi. Yanzu an toshe masa hanya, shi ya sa ya hau sama."

Ya kai ni waje ya nuna mini lungu. An yi ta zuba marmara har lungun ya fi gidanmu tudu, indararo kuma a gindin bango yake zuba ruwansa.

"Baba, zai gyaru?"

"Zai gyaru, in kina da haƙuri. Ba aikin mako ɗaya ba ne."

Da kaina na ɗauki guduma na fara ɓalle simintin, kamu biyu kowace rana, yadda ya ce, don kada bangon ya rasa ƙarfi gaba ɗaya. Tafin hannuna ya yi kanta. Matan unguwa suka riƙa leƙowa, na ji ana cewa Malama ta zauce. Rana ta huɗu yayana ya same ni tsugune cikin ƙura.

"Aikina kike fasawa?"

"Shi nake fasawa."

Ya tafi. Wata biyu bai taka gidan ba, abin ya dame ni, amma ban ajiye gudumar ba.

Muka bar bangon a buɗe har ƙarshen rani. Sannan aka haƙa rami a gefensa ta waje, aka cika da tsakuwa, aka karkata shi zuwa magudana. Aka ƙara wa indararo tsawo. Maginin ya kwaɓa ƙasa da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, ya yaɓe gindin shafi uku, kowane sai ya bushe kafin a ɗora wani. Ina gefensa ina kallon yadda yake juya hannu.

Damina ta sauka da ƙarfi. Laimar ta dawo, amma a bangon gabas kaɗai, kuma ba ta wuce faɗin tafi ba. Ranar sallah yayana ya zo, ya shiga ɗakin inna, ya tsuguna ya dafa wurin.

"Har yanzu akwai laima," ya ce.

"Akwai. Ni ma ina nan."

Sai ya zauna ya sha fura.

Yanzu idon maginin ya yi rauni, ba ya iya zuwa. Kowace shekara bayan girbi ni ke jiƙa makuba, in kwaɓa ƙasa, in yaɓe bangon gabas. Yaɓena bai kai nasa santsi ba, shatin yatsuna duk ya fito, haka nake barinsa.